Darasi na Bakwai: Ajiye Kwafin Fayiloli a Intanet

Duk abin da ke cikin kwamfutarku, hotuna ne, takardu ne, ko lissafin sana'a, yana zaune ne a kan faifan ajiya guda ɗaya. Faifan nan yana tsufa. Wata rana zai iya tsayawa ba tare da ya ba da wata alama ba. Ga ɓarawo, ga gobara, ga ruwan da zai malala a kan kwamfuta. Ana iya sayen wata kwamfuta, amma hoton mahaifi da ya rasu ba shi da kasuwa.

Da yawa daga cikinmu mun san haka, shi ya sa muke kwafe fayiloli a filash. Dabara ce mai kyau, sai dai tana da rauni biyu. Mutum yakan manta, sai a ɗauki watanni ba a kwafe komai ba. Kuma galibi filashin yana cikin jakar da kwamfutar take, wanda ya ɗauki jakar ya haɗa da duka biyun.

Ajiya a intanet ta magance waɗannan. Za ku buɗe asusu a wani kamfani, ku saka manhajarsa a kwamfuta, ku nuna mata foldar da kuke so ta kula da ita. Daga nan ita ke aikin. Duk lokacin da kuka rubuta sabuwar takarda ko kuka gyara tsohuwa, muddin akwai intanet, za ta tura kwafi zuwa manyan kwamfutocin kamfanin. Kamar mai ba da ajiyar takardar gida ne a wurin amini: ko gidan ya ƙone, takardar tana nan.

Google Drive yana ba da GB 15 kyauta, amma saƙonnin Gmail da hotunan Google Photos duk a cikin wannan wurin ake lissafa su. OneDrive na kamfanin Microsoft yana ba da GB 5, haka ma iCloud na Apple. Dropbox kuwa GB 2. Takardun rubutu ba su cin wuri, bidiyo ne ke cinye shi da sauri. Wanda ke son a kwafe kusan duk fayilolin kwamfutarsa, akwai kamfanoni irin su Backblaze da Carbonite da aka kafa don wannan aikin, ana biyan su wata-wata ko shekara-shekara.

Yanzu ku natsu, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Irin su Google Drive da Dropbox da OneDrive aikinsu shi ne su daidaita abin da ke kwamfutarku da abin da ke intanet, su zama iri ɗaya. Idan kuka goge takarda a foldar da suke daidaitawa, can ma za ta goge. Idan kuka ɓata rubutu kuka adana, ɓataccen ne zai hau. Abin da ke ceton mutum shi ne kwandon shara na asusun. A Google Drive, fayil ɗin da aka goge yana zama a kwandon kwana 30, daga nan ya tafi ke nan. Saboda haka da zarar kun lura wani abu ya ɓace, ku duba kwandon a ranar, kada ku ce sai kun sami sarari. Waɗannan manhajojin kuma suna riƙe tsofaffin kwafin takarda na ɗan lokaci, kuna iya komawa ga yadda take kafin a ɓata ta.

Wannan tsohon kwafin yana da amfani ƙwarai idan muguwar manhaja ta shiga kwamfuta, irin wadda ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Wanda yake da kwafi mai kyau a wani wuri ba ya bukatar roƙon kowa.

Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a nesa da inda kuke. A ganina wannan ita ce shawarar da ta fi dacewa, don haka kada ku jefar da filashinku. Intanet ita ce ta nesan.

Ɗorawar farko tana daɗewa, tana kuma shan data, musamman idan hotuna da bidiyo sun yi yawa. Ku fara da abin da ba za ku iya sake samu ba. Bayan wannan, abin da ya canza kawai ake turawa.

Asusun yana bukatar kalmar sirri mai tsawo wadda ba ku amfani da ita a wani wuri. Ku rubuta ta a takarda ku ɓoye. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba daga wayarku. Kada kuma ku yi watsi da asusun: Google ya sanar cewa zai iya goge asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba.

Aikin wannan darasi: ku rubuta gajeriyar takarda, ku adana ta a foldar da manhajar ke kula da ita, ku jira alamar da ke nuna ta hau. Sai ku shiga asusunku ta waya ko ta wata kwamfuta, ku nemo ta, ku buɗe. Bayan haka ku goge ta, ku je kwandon shara ku dawo da ita. Idan wani mataki ya ƙi, ku nuna wa malaminku a aji na gaba. Ku riƙa maimaita wannan gwajin lokaci-lokaci, domin manhaja takan daina turawa shiru idan wuri ya cika ko an canza kalmar sirri.