Yadda za ka ƙirƙiro yaren da zai yi kama da na gaske

Masu rubuta labari da yawa in suna son baƙon yare sai su juya kalmomin Hausa baibai kamar zaurancen da muke yi muna yara, to mai karatu tun layin farko zai gane wasa ne. Ga yadda nake yin nawa.

Kar ka fara da kalmomi, fara ba mutanen wurin zama. Ka ce masunta ne a bakin tafkin Madarunfa, suna nan tun kafin Katsinawa su zo su kafa Maradi bayan jihadi. Da ka yanke haka ka san za su tara sunaye barkatai na kifi da koma da kwalekwale, raƙumi kuwa da sunan aro za su kira shi.

Sai ka nema wa yaren naka uwa, wato yaren gaske da zai fito daga cikinsa. Haka Andrew Smith ɗan New Zealand ya yi da yaren da ya ƙirƙira mai suna Brithenig a 1996, ya ƙaddara Latin, tsohon yaren Rumawa, bai mutu a Birtaniya ba, ya bi da kalmominsa ta irin canjin sautin da yaren Welsh na mutanen Wales ya bi.

Nan ne aikin yake wallahi, dokar sauti. Duba namu bakin na Maradi, muna cewa hwari da hita, Bakano ya ce fari da fita, kuma ba a kalma ɗaya ba ne, haka abin yake bi ko'ina. Kafa doka biyu ko uku ka rubuta su a shafin farko na kaye ɗinka, wato littafin rubutunka. Tawa ita ce k ta farkon kalma ta koma c, wasalin ƙarshe kuma ya faɗi, sai kifi ya zama cif, koma ta zama com. Ko kalma ta fito ba ta yi maka daɗi ba ka bar ta haka, kar ka gyara.

Kuma mutanen da ke cin kasuwar Maradi dole su yi aro. Tsohon aro ya bi dokarka, sabo irin lakwal (makaranta) da portabul (wayar hannu) ya shigo kusan yadda yake, ta haka bakin kaka zai bambanta da na jikanta.

In ka haɗa kalma hamsin, yi gaisuwar safe da cinikin kifi, ka ɗauki muryarka ka tura wa aboki a WhatsApp ba tare da bayani ba, ka tambaye shi mutanen ina ne waɗannan.