Kafin ka ɗora wa tsohuwar kyamarar fim sukundireba

Kyamara uku aka kawo mini nan Agege a daminar da ta wuce, kuma duk masu su magana ɗaya suka zo da ita: wai mitar haske, na'urar da ke auna hasken da fim ke buƙata, ta mutu, a cire ta ko a sa wata. Biyu daga ciki lafiyarsu ƙalau, batir ne aka cusa musu wanda ba nasu ba. Ta ukun kuwa da ranta aka kai ta wurin wani mai gyaran waya, ya hura mata iskar zafin da yake ɗaga allon waya da ita, fuka-fukan ƙofar haske suka lanƙwashe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Shi ya sa duk wanda ya tsinci kyamarar fim irin Super 8 ko 16mm a kayan tokumbo, ko a akwatin mahaifinsa, nake ce masa ya fara aunawa kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Batir ne tushen yawancin rigimar. Kyamarori da dama na shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1970, irin su Canon Auto Zoom 814 ta 1967 da Nizo 801 ta Jamus, batir iri biyu suke ci. Akwai na AA da ke juya inji, akwai kuma ƙanana masu kama da maɓallin riga da ke ciyar da mita kaɗai. Waɗannan ƙananan, PX625, na zaiba ne, ƙarfinsu bolt 1.35, kuma haka suke tsayawa cak tun ranar da aka sa su har gab da mutuwarsu. Injiniyoyin wancan zamani sun jingina lissafin mitar gaba ɗaya a kan wannan tsayuwar, ba su sa mata wani abin daidaita wuta ba. Daga baya aka gane illar zaiba, Amurka ta hana sayar da irin batirin a 1996, Turai ma ta hana, masana'antu suka daina yi.

Abin da mutum ke yi sai ya je wurin mai agogo ya sayi LR44, ko 625A mai girma ɗaya da na asali, ya sa, allura ta motsa, ya ce alhamdulillahi. Motsin allura ba shaida ba ce. Batirin alkalin bolt 1.5 yake farawa, idan biyu ne ka ba mita bolt 3 a inda take jiran 2.7. Sai ta ɗauka hasken ya fi yadda yake, ta tsuke ƙofa, fim ya fito da duhu. Abin da ya fi wannan muni, ƙarfin alkalin gangarowa yake yi a hankali yayin da ake amfani da shi. Kuskuren yau daban da na watan gobe, don haka ko ka ce za ka riƙa ƙara mataki ɗaya da hannu, wato ka ninka hasken da ke shiga, ba ka san ranar da lissafin zai juya maka baya ba.

Mafita mafi sauƙi tana kantin magani: batirin na'urar taimaka wa ji, mai lamba 675. Na tutiya ne mai shaƙar iska, yana ba da kusan bolt 1.4 kuma yana tsayawa a kai. Ya fi ramin ƙanƙanta, sai ka zagaye shi da zoben roba ya zauna daram. Ka ɓare takardar bayansa ka bar shi ya sha iska na ɗan lokaci kafin ka rufe, kuma ka sani daga ranar da ka ɓare ya fara mutuwa ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba, cikin makonni ko 'yan watanni. Ni wannan nake ba wa mai ɗaukar kaset biyu ko uku a shekara shawara. Mai yawan aiki ya nemi batirin azurfa, bolt 1.55, wanda shi ma ba ya gangarowa, ya haɗa shi da diyod, ɗan ƙaramin kayan lantarki, irin Schottky da zai zaftare kusan bolt 0.2. Ana sayar da kwanson MR-9 mai diyod a ciki, ba sai ka taɓa wayar kyamara ba.

A nan ma ana tafka kurakurai. Wani ya sa diyod amma ya ci gaba da alkalin, ya rage ƙarfi bai hana gangara ba. A kasuwa LR44 na alkalin da SR44 na azurfa girmansu ɗaya, mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Karanta jikin batirin da idonka, SR ko 357 kake nema. Wani ya ciro diyod ɗin gama-gari daga tsohuwar rediyo, wanda ke cin sama da rabin bolt, mita ta koma ba da haske fiye da kima. Wani kuma ya auna kwanson MR-9 da mitar auna wuta ta masu gyara, ya ga 1.5 da ɗoriya, ya ce jabu aka sayar masa. Diyod ba ya rage komai sai wuta tana bi ta cikinsa, a cikin kyamara ake auna shi tana kunne. Sannan ba kowace kyamara ke buƙatar wannan wahalar ba. Na ƙarshen shekarun 1970 da yawa daga batirin AA suke ciyar da mitarsu, ba su da ramin ƙaramin batir sam.

Idan ka buɗe ramin ka tarar da farin gari ko kore-kore, laimar Legas ce ta haɗu da batirin da aka manta shekara da shekaru. Auduga da ɗigon binega, sannan sifirit, a bari ya bushe. Sau da yawa tsatsar ta bi waya ta ciki ta cinye ta daga bayan ramin, canza wannan guntuwar waya kaɗai ke tayar da mitar da aka riga aka yi wa jana'iza. Tsohon batirin zaiba kuwa kada ka fasa shi, kada ka jefa a kwata.

Kuskure na biyu babba bai shafi wuta ba. Lokacin da Kodak ya fito da Super 8 a 1965, ya yi wa kowane kaset tsaga a gefe, tsawonta ke gaya wa kyamara saurin fim ɗin, wato yadda yake saurin kama haske. Manyan kyamarori suna da fil da yawa masu karanta tsagar, amma masu araha lamba biyu kawai suka sani, 40 da 160, don su ne a kasuwa a lokacin. Kodachrome 40 da aka ƙera su dominsa an daina yin sa a Super 8 tun 2005. Yau abin da za ka samu Vision3 ne mai 50D, 200T da 500T (lambar ita ce saurin fim, D na hasken rana, T na hasken fitila), sai Tri-X baƙi da fari, sai Ektachrome 100D da ya dawo a 2018. Kyamara mai lamba biyu za ta karanta 50D a matsayin 40, sulusin mataki ne, ba komai. 500T za ta ɗauke shi 160, ta ba shi haske fiye da mataki ɗaya da rabi, kuma da yake nagatif ne yana jurewa. Ektachrome ne ba ya yafiya. Wasu kyamarorin suna karanta shi 160, ya fito da duhu, kuma fim ɗin da ake haskawa kai tsaye ba a gyara shi a baya yadda ake gyara nagatif.

Na ga mutane sun buɗe kyamara suna murɗa ƙananan maɓallan daidaita mita saboda wannan, ba tare da sun yi alamar inda suka same su ba. Garin neman gira a rasa ido. Gyaran a jikin kaset yake: guntun roba da salatif ka rage tsagar, ko ka ƙara ta da wuƙa, kyamara ta karanta lambar da ta fi kusa. In tana da hanyar sarrafa ƙofa da hannu, ka bar mita ta faɗi nata ka gyara da kanka. Kuma kada ka gwada mita babu kaset a ciki, don fil ɗin zai fito gaba ɗaya ta ɗauka fim mafi sauri aka sa. Nemi tsohon kaset da ya ƙare ka riƙa gwaji da shi.

Akwai kuma filta mai ruwan lemo, lamba 85, da ke ɓoye a cikin kusan kowace Super 8. Alamar rana na nufin filtar tana kan hanya, alamar ƙwan fitila na nufin an janye ta, kuma mutane da yawa a juye suke fahimtar wannan. Bayan shekara hamsin a danshi filtar kan yi hazo ko fumfuna, sai a ce a ciro ta da hantsaki. A wasu kyamarorin kaurin filtar yana cikin lissafin madubi, wato gilashin idon kyamara, cire ta kan taɓa kaifin hoto. Bar ta a janye, ka ɗaura sabuwa a bakin madubi. In mitar ta cikin madubi take gani, za ta lissafa da kanta. In tana da 'yar tagarta daban a goshin kyamara, ba ta san ka ɗaura komai ba, kai za ka buɗe kashi biyu cikin uku na mataki.

Wani dattijo mai gyaran agogo da nake zama wurinsa ne ya hana ni wata ɓarna. Na zo da magagari zan faɗaɗa tagar fim ta wata Super 8 don hoto ya yi faɗi irin na talabijin ɗin yanzu, ban kwance tagar daga jiki ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, garin ƙarfen ina zai je?" Na ce, "Zan hure shi, Baba." Ya ce in duba abin da ke juya ƙofar hasken. Maganaɗisu ne da siririyar waya kamar gashi, duk ƙurar ƙarfen da ta shiga can za ta maƙale, allura ta cije har abada. Tun daga ranar ban ƙara goga taga tana jikin kyamara ba. A ciro ta, a goge, a sulɓe bakin har ya yi santsi don kada ya karce fim, a wanke, sannan a mayar. Ɗiga mai ko hura iska mai ƙarfi ma haramun ne a wajen nan, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa ya manne fuka-fukan.

Masu Krasnogorsk-3 su ne gwanayen wannan faɗaɗawa. Kyamarar 16mm ce ta Tarayyar Sobiyet wadda ake yi wa wani da hannu kamar agogo, an yi ta daga 1971 zuwa 1993, kuma kowa so yake ya mai da ita Super 16, tsarin da Rune Ericson na Suwidin ya kawo a 1969. Faɗaɗa tagar gefe ɗaya ake yi, wajen da aka tanada don sauti, don haka tsakiyar hoto tana gusawa da kusan milimita ɗaya. In ba a gusar da mazaunin madubi ba, zum zai riƙa karkata, kuma madubin Meteor da ke zuwa da ita, 17 zuwa 69mm, yana baƙanta kusurwoyi a ɓangaren faɗi. Dole kuma fim ya zama mai huji gefe ɗaya. Mitarta da ma'aunin GOST na Rasha aka rubuta ta, ba ma'aunin ASA da aka saba gani a jikin fim ba, kuma ita ma batirin zaiba aka yi mata. A ra'ayina kada ka ɓata kuɗi a kanta, mitar hannu ta fi.

Sai dai mitar hannu ma tana da nata tarkon. Ba ta san hasken da kyamara ke karkatarwa zuwa idon mai ɗauka ba. Bolex H16 mai leƙe ta madubi, a hoto 24 cikin daƙiƙa, labulenta kusan 1/65 na daƙiƙa yake buɗewa, amma 1/80 ake sa wa mita saboda abin da gilashin raba haske ke ci. Super 8 mai hoto 18 tana wajen 1/36 zuwa 1/40, masu alamar XL kusan 1/30, kuma zum ɗinsu ma yana cin nasa rabon. Manhajar auna haske ta waya tana aiki in ka ba ta waɗannan lambobin daidai.

Tsofaffin 8mm na shekarun 1950 masu taga kamar saƙar zuma, irin Electric Eye na Bell & Howell, ba su da batir, sinadarin seleniyom ne ke haifar da wutarsa daga haske. In ya gaji ya gaji, kuma danshin bakin teku na gaggauta masa. Kada ka nemi ramin batirin da babu shi.

Ko mitar da ta fi kowace lafiya, matsakaicin toka-toka take nema a duk abin da ta gani. A ɗaurin aure a Idi-Araba, inda kowa ya sha farar shadda da rana tsaka, za ta tsuke ƙofa saboda rigunan, fuskokinmu su nutse cikin duhu. Haka yashi da ruwa ke yi mata a bakin tekun Tarkwa Bay. Matsa kusa, cika madubi da fuskar ango ko tafin hannunka, kulle ma'aunin, sannan ka ja baya. In ka ɗora kyamara a kan ƙafa ka janye idonka, rufe tagar leƙe, don haske kan shiga ta baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ni da nake aika fim ƙasar waje a wanke, kowane kaset na minti 3 da daƙiƙa 20 kuɗi ne da jiran makonni. Gwajina ba ya canzawa. Na sa kaset ɗin 50D da ya ƙare, na fita da hantsi rana a bayana, na auna bangon siminti: allura ta tsaya kusa da lambar ƙofa f/16. Na shiga inuwa, na shiga ɗaki, ina kwatanta ta da mitar waya a kowane wuri. In bambancin iri ɗaya ne a duk ukun, batir ko tsaga ne, na san abin da zan gyara. In ta yi daidai a rana ta kauce a ɗaki, ƙwayar ganin hasken ce ta tsufa, sai in rubuta gejinta a salatif in manna a gefen kyamara. Bayan nan ne nake ƙona kaset ɗaya na gaske, kowane yanki da takarda a gaba mai ɗauke da lambar ƙofar da na sa. In na gama, batir ya fito, kyamara ta koma cikin robar abinci mai murfi tare da ƙullin silika, nesa da bangon da ke jiƙa da damina.