Masu koyon Python, ku kira super kafin ku canza abin gado

Salam 'yan uwa. In kunka yi ƙaramin kilas (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa da shi cikin manhaja) da ya gaji babba kuma kuna son canza wani abu da ya gada, layin farko cikin __init__ ɗinku (wurin da ake sa ƙimomin farko) ya zama super().__init__(), wato kiran __init__ na babban kilas, sannan ku sa taku ƙimar a ƙasa.

Misali kana ma wata makaranta a Gusau manhaja, kana da kilas Dalibi mai suna da kudi, sai ka yi DalibinKwana da ya gaji Dalibi, wanda kuɗinshi ya fi yawa saboda abinci. Kira super tukuna, sannan ka rubuta self.kudi sabo. In ka juya su, babban zai zo ya taka naka ya maida tsohon kuɗi kuma babu wani ero (saƙon kuskure) da za ka gani, sai dai lissafi ya ƙi fita kana ta zargin kwamfuta.

In kuma ba ka kira super ba sam, Python ba ya kira maka, suna ma ba za a samu ba sai AttributeError, eron da ke cewa babu abin.

Amma fa akwai inda wannan dabarar ba ta ci. In babban kilas ya sa ma abin layin ƙasa biyu a gaba, kamar __kudi, Python na sauya mashi suna a ɓoye ya koma _Dalibi__kudi, naka daban nashi daban. Ni shi ya sa layi ɗaya nake sawa.

Masu Java kuma ku kula, can metod (aikin da kilas ke yi) kaɗai ake maye gurbinshi, fil (ƙima irin kudi) ɓoye na babba kawai yake yi. Ku yi metod getKudi mai maido kuɗin, a canza ta nan.