Yadda mai juna biyu da ke ɗauke da ƙwayar HIV za ta kare jaririnta

Idan ba a ɗauki wani mataki ba, cikin jarirai 100 da iyayensu mata ke ɗauke da ƙwayar, tsakanin 15 zuwa 45 za su kamu, ko a ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. Idan uwa ta riƙe magani yadda ya kamata, adadin yakan sauka ƙasa da 5, a wurare da yawa ma ƙasa da haka sosai. Abin da ke kawo wannan bambanci shi ne yawan ƙwayar a jinin uwa. Aikin maganin da uwa ke sha shi ne danne ta har na'ura ta kasa ganinta.

Ki fara awo da wuri, cikin wata ukun farko. A ziyarar farko a gwada HIV, tunjere da ciwon hanta nau'in B. Wadda aka ce ba ta da HIV ta sake gwaji a watannin ƙarshe, domin macen da ta kamu tana da ciki ƙwayar takan yi yawa ƙwarai a jininta, jaririnta kuma ya fi kowa shiga haɗari. Don haka maigida ma ya kamata a gwada shi, in akwai abokiyar zama ita ma. Faɗa wa miji ba abu ne mai sauƙi ba, mun sani. In kina tsoron saki ko duka, ki gaya wa mai ba da shawara a asibiti. Za a iya kiran ku tare a gwada ku a zama ɗaya, a yi bayanin a gabanku. A Najeriya dokar 2014 ta hana tsangwamar masu ɗauke da ƙwayar, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da hurumin fallasa sirrinki.

In an tabbatar, a fara magani ranar, kada a jira. Wanda aka fi bayarwa yanzu shi ne TLD: ƙwaya ɗaya da ta haɗa tenofovir miligram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50, sau ɗaya a rana, kyauta a asibitocin da ke bayarwa. Ki ɗaure shi da wani abu da ba ya wuce ki, kamar sallar isha'i. In kin manta, ki sha da zarar kin tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya gabato. Kada ki haɗa biyu. Idan laulayi na sa ki amai, ki mayar da shi dare, kuma ki sanar da asibiti maimakon ki daina.

Akwai wani wuri da mata da yawa ke tuntuɓe ba da saninsu ba. Maganin ƙarin jini da na ƙashi da ake bayarwa a awo, da farin ruwan maganin ƙwannafi, suna kama dolutegravir a hanji su hana jiki shan sa. Mace tana sha kullum ba fashi, a auna jini a ga ƙwayar ba ta sauka ba. Mafita: ki sha TLD awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Na ƙarin jini da na ƙashi ana iya haɗa su da TLD in dai tare da abinci ne, amma na ƙwannafi dole a raba. Mai shan maganin tarin fuka da ke da rifampicin ana ƙara mata dolutegravir miligram 50 bayan awa 12. Wadda kuma aka ɗora a kan Septrin, maganin da ke kare mai HIV daga wasu cututtuka, ba za ta sha Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba.

Wajen wata na takwas a auna yawan ƙwayar a jini. In ya haura 1,000 a kowace mililita, jaririn na cikin masu babban haɗari, kuma maganinsa zai bambanta.

Ki haihu a asibiti, ki tafi da zarar faya ta fashe, domin daɗewa bayan fashewarta na ƙara haɗari. Yankan gishiri kada a yarda da shi ko kusa. Mai tafiya gida haihuwa ko wankan jego ta karɓi maganin da zai ishe ta da takardar canjin asibiti tun kafin ta tashi. A wannan tafiya ce mata da yawa ke yanke magani, don kada uwa ko gwaggo su gani, a daidai lokacin da jariri ya fi buƙata.

Jariri ya fara ruwan nevirapine, maganin rigakafin ƙwayar, da wuri, a cikin awannin farko, kada ya wuce awa 72, ko da a gida aka haife shi. Mai nauyin kilo 2.5 zuwa sama yana shan mililita 1.5 sau ɗaya a rana. Mai kilo 2 zuwa ƙasa da 2.5, mililita 1. Da sirinji ake aunawa, ba da cokali ba, a zuba a gefen kunci a hankali, har mako 6. Mai babban haɗari, wato wanda uwarsa ta fara magani ƙasa da mako 4 kafin haihuwa, ko ba ta fara ba, ko ƙwayar ta haura 1,000 a jininta, ana haɗa masa da wani maganin, zidovudine, kuma rigakafinsa yakan kai mako 12 in yana shan nono. Daga mako 6 sai a fara masa Septrin, wanda ke kare shi daga wani mugun ciwon huhu.

Nono zalla har wata 6. Ba ruwa, ba rubutu, ba jiƙo, ba madarar shanu, duk tsananin zafi. Nono na da ruwan da ya ishe shi. Haɗa wani abu na iya ƙuje hanjin jariri ya buɗe wa ƙwayar hanya, ga gudawa. Bayan wata 6 a ƙara kunu da sauran abinci, a ci gaba da shayarwa aƙalla zuwa wata 12, uwa na kan maganinta. In kan nono ya tsage ko ya kumbura, a shayar da ɗayan, a tatse mai ciwon a zubar, a je asibiti. Haka in an ga farin kumfa manne a bakin jariri. Kada a tauna masa abinci. Ranar suna, sabuwar reza za a yi aski da ita. Cire beli da tsaga a bar su.

Gwajin gaggawa na tsinke ba ya faɗin gaskiya a kan jariri, saboda garkuwar jiki yake nema, kuma garkuwar uwa na iya zama a jininsa har wata 18. Gwajinsa shi ne PCR, wanda ake ɗiga jinin dunduniya a kan kati, a mako na 6, a maimaita a wata na 9. Ki koma karɓar sakamako da ƙafarki, kada ki ɗauka shiru alheri ne. In ya nuna yana da ƙwayar, a fara masa magani nan take, domin ba tare da magani ba kusan rabin irin waɗannan yara ba sa wuce shekara 2. Gwajin ƙarshe a wata 18 ne, ko wata 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya, kuma sai bayansa ake tsayar da Septrin.