Yadda ake ɗaga Linux Mint daga 21 zuwa 22 a garin da wuta ba ta da tabbas

Akwai kwamfutoci da dama a shagunan buga takardu na yankinmu, daga Ringim zuwa Gumel, da aka saka wa Linux Mint 21, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, shekaru biyu ko uku da suka wuce, kuma har yau ba wanda ya taɓa su. Tallafin wannan zubin zai ƙare a 2027. Na 20 kuwa tuni ya ƙare tun Afrilun 2025. Mint 22, mai laƙabin Wilma, ya fito a Yulin 2024 a kan harsashin Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029. Ya zo da sabon tsarin sauti na PipeWire da LibreOffice 24.2, sannan 22.1 ya ƙaro Night Light mai rage shuɗin hasken allo da dare, 22.2 kuma ya kawo Fingwit na shiga da zanen yatsa. Ɗagawar ba ta da wuya. Amma kusan duk kwamfutar da aka kawo min da baƙin allo bayan an gwada, labarin ɗaya ne: wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kuma babu wurin komawa.

Fara da duba inda kake. Buɗe System Info. In ka ga 21, 21.1 ko 21.2, sai ka fara hawa 21.3 tukuna, ta Update Manager, ƙarƙashin Edit. Daga 21.3 ne kawai ake tsallakawa zuwa 22. In kwamfutarka na kan 20, kada ka wahalar da kanka da hawa biyu. Kwashe kayanka ka saka sabo daga filashi, ya fi sauri kuma ya fi arhar data.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu. Kowa ya ji an ce a yi Timeshift kafin ɗagawa, kowa kuma yana yi, amma da yawa suna yin sa ne ta hanyar da ba za ta cece su ba. Na farko, Timeshift tsarin kwamfutar yake adanawa, ba takardunka ba. Yadda ya zo, ba ya taɓa abin da ke cikin babban fayil ɗinka na Home. Katunan ɗaurin auren mutane, takardun makarantar Islamiyya, hotunan fasfo da ka tara, duk ba sa ciki. Waɗannan da hannunka za ka kwafe su zuwa wani filashi daban, ka kai shi wata kwamfutar ka buɗe biyu ko uku ka tabbatar sun buɗu.

Na biyu, kada ka ajiye hoton tsarin, wato kwafin da Timeshift ke ɗauka don a iya komawa baya, a kan faifan da za ka yi wa aiki. Tsofaffin faifan da ke cikin HP da Dell na hannu da ake sarowa daga Kano sun riga sun gaji, kuma rubutun awanni a jere shi ke fito da ciwonsu. Nemi filashi mai giga 32 ko fiye. Timeshift ba ya karɓar filashi yadda ya fito daga kasuwa, sai an mayar da shi ext4, wato tsarin ajiyar fayil na Linux. Akwai USB Stick Formatter a cikin Mint, da shi za ka yi. Ka sani fa duk abin da ke kai zai goge. Sannan a Timeshift ka zaɓi RSYNC, a Location ka nuna masa filashin, ka danna Create. Af, filashin nan masu arha da aka rubuta wa giga 128 ana talla a tasha ranar kasuwa, ka bar su inda ka gan su. Wasu ba su kai abin da aka rubuta ba, kuma sai ranar da kake buƙatarsu za ka gane.

Na uku, ka mallaki filashin da Mint ke tashi daga kansa. In kwamfutar ta ƙi tashi, da shi za ka kunna ta, ka buɗe Timeshift, ka danna Restore. Wanda ba shi da wannan, hoton da ya ɗauka ba shi da amfani har sai ya hau mashin zuwa Dutse neman mai shi.

Sai maganar wuta da data, waɗanda a wajenmu ba sa haɗuwa lokaci guda. Datar dare ce mai araha, hasken sola kuma da rana yake da ƙarfi. Ni dokata ita ce a sauke da dare, a saka da hantsi. Buɗe Terminal, wato manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta apt update, sannan apt install mintupgrade, sannan sudo mintupgrade. Manhajar za ta bi matakai uku: shiri, gwaji da saukewa, sai ɗagawar kanta. A shirin za ta duba ko ka jona caja, ko akwai Timeshift, ko akwai manhajojin da ka ɗauko daga waje. Duk inda ta nuna Fix, danna, kada ka yi gardama da ita. Tanadi aƙalla giga 4 na data, ka ɗora wayar da ke ba da intanet a taga inda sabis ya fi kamawa. Idan saukewa ta kammala, tsaya nan. Abin da ta sauke yana nan a ajiye, da safe in ka sake buɗe ta ba sai ta sauke shi daga farko ba.

Mataki na uku shi ne wanda ba a katsewa. Kamar sauya jinkar ɗaki ne, an yaye tsohuwa ba a ɗora sabuwa ba, sai ga hadari. Manhajar ta ga caja a jone, amma ba ta san batirin kwamfutarka ya mutu tun bara ba, ba ta kuma san man janareta saura kwalba ɗaya ba. Cire cajar na ɗan lokaci ka gani kafin ka fara. In ta mutu nan take, to sai a kan inbata ko janareta mai cikakken tanki, kuma kada a jona injin hoto-kwafi a layin har a gama. A Power Management ka hana ta barci. Ka kuma hure ƙurar hunturu daga fankarta, ka ɗaga ta daga kan tabarma ko katifa, domin zafi ma yana kashe ta.

In duk da haka ta katse, gwada Ctrl da Alt da F2, ka shiga da sunanka, ka rubuta sudo dpkg --configure -a, sai sudo apt install -f. In ta ƙi, koma Timeshift.

In ta gama lafiya, rubuta apt remove mintupgrade, ka sake kunna ta. Daga nan hawa 22.1 ko 22.2 ƙaramin aiki ne ta Edit ɗin nan na Update Manager. Kafin ka buɗe shago ka buga shafi ɗaya a firinta, ka kunna sauti, ka gwada Wi-Fi. In wani abu ya ƙi, riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin tashi, ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel (kernel), wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urorin kwamfutar. Filashin Timeshift kuma kada ka goge shi sai bayan sati biyu kana aiki ba matsala.