Kurakuran da muke yi wa waɗanda ba sa ji ba sa gani lokacin annoba

Duk abin da aka ce mu yi lokacin korona a 2020 ido da kunne yake buƙata, saurari rediyo, kalli kwamitin yaƙi da korona na Boss Mustapha a talabijin, karanta saƙon hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a waya, sannan babbar doka, kar ka taɓa kowa. Toh akwai mutanen da rashin ji da rashin gani suka haɗe musu, su da hannu suke ji da hannu suke gani, in ka ce kar a taɓa su ka kulle su ne gaba ɗaya. Kuma ba ƴan kaɗan ba ne, rahoton ƙungiyarsu ta duniya na 2018 ya ce kusan mutum 2 cikin 1,000 na da irin wannan nakasa mai tsanani. Korona ta lafa amma kwalara da Lassa da mashaƙo suna nan, kuma a nan Jos kurakuran nan har yau ana yinsu.

Mafi muni a ganina shi ne korar ɗan jagora ko mai fassara a bakin get. Maigadi ya ce mara lafiya kaɗai zai shiga, oda ce daga sama, shikenan a tura mutum ciki shi kaɗai, likita na tambaya ba ya ji, nas na nuna masa gado ba ya gani, ƙarshe a rubuta wai ya ƙi ba da haɗin kai. Ai wannan ɗan rakiyar ba mai zuwa dubiya ba ne, shi ne hanyar maganar. Gyaran ba wuya, a ɗauke su su biyun a matsayin mutum ɗaya, kowa ya sa takunkumi, su wanke hannu da sabulu kafin a fara magana da bayan an gama, kuma a riƙe mai fassara ɗaya ko biyu maimakon canja mutum kullum. Safar hannu mai kauri tana dakushe ji a yatsu, in ba likita ya ce dole ba wankin hannun ya fi.

Sai kuma ɗauka cewa dukkansu duhu ne da shiru ɗari bisa ɗari. Ba haka ba ne fa. Da yawa suna da ɗan saura, wani yana hango kamar ta cikin bututu, wani yana jin murya in wuri ba hayaniya. Akwai wata cuta ta gado da ake kira Usher, yaro ya taso da rashin ji sannan ganin ya riƙa ƙuntata a hankali, farko da daddare. Wani sanƙarau ne ya taɓa shi, wani tsufa ne kawai. Wanda ke karanta leɓe da sauran ganinsa, takunkumi ya gama da shi. Saboda haka tambaya ake yi, yaya kike so mu yi magana Mama? Ka tsaya haske na dukan fuskarka, kar ka ba taga baya, in akwai takunkumi mai leda a baki ka sa, ko ka rubuta manyan baƙaƙe da baƙin alƙalami mai kauri a farar takarda. Ihu ba ya taimako, murguɗa maganar yake yi, gara ka ja shi gefe nesa da ƙarar janareto.

Masu shirya sanarwa ma suna da nasu. An sa mai fassara da hannu a kusurwar talabijin, madalla, ya taimaki kurame masu gani, amma wanda ba ya ji ba ya gani bai amfana da komai ba. Haka fosta da ake turawa a WhatsApp, hoto ne, na'urar da ke juya rubutun waya zuwa Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsu, rubutu take kamawa, hoto kuwa ba ta ganin komai, don haka a turo zallar rubutu tare da hoton. Amma mu faɗi gaskiya, na'urar tsada gare ta, nawa ne ke da ita a Angwan Rogo ko Bukuru? Dole sai mutum ya taka ya je gida. Kuma masu iyawa muna da su a jihar nan, makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take, ga makarantar kurame a Bassa, ga sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos, a nemi su tun ana tsara saƙon ba sai an buga an gama ba.

Yanzu batun taɓawar kanta, don nan masu kyakkyawar niyya suka fi kwafsawa. Mutum na tsaye sai ya ji an fisgi hannunsa an zuba ruwa mai sanyi, wai sanitaiza, ko a cusa masa tsinken gwaji a hanci ba sallama, ko allura kawai a dantse. Wa ba zai zabura ba? Ka taɓa kafaɗarsa ko bayan hannunsa a hankali ka jira ya neme ka. In ya iya boko ka rubuta manyan baƙaƙe a tafin hannunsa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ka fara da sunanka. Ba shi kwalbar ya shafa, nuna masa a jikinsa inda allurar za ta shiga, jira ya gyaɗa kai. Wajen tafiya kar ka ja shi da sanda ko riga, ba shi gwiwar hannunka ya riƙe kana ɗan gabansa. In za ka tafi ka faɗa masa, ka bar shi jikin bango ko kujera, ba tsakiyar fili ba yana magana da iska. A wasu ƙasashe zana babban X a bayan mutum na nufin akwai hatsari, bi ni yanzu bayani daga baya, yana da kyau a gida ku yi irin wannan yarjejeniyar tun kafin buƙata ta taso.

Akwai wanda ya fi ci min rai, magana a kansa yana zaune. "Ya ci abinci? Zai yarda da rigakafin?" duk ɗan jagora ake tambaya. Wani ma kafin a buɗe baki ya danƙa masa naira hamsin da "Allah sarki", alhali magani ya zo saya da kuɗinsa. A gida kuma sai a ɓoye masa rasuwa ko dalilin kulle wai kar hankalinsa ya tashi, ya yi sati yana mamakin me ya sa ba wanda ke zuwa. Wata Ba'amurkiya Haben Girma ba ta ji ba ta gani, ta gama karatun lauya a jami'ar Harvard a 2013, ana buga mata magana a kibod tana karantawa da yatsu. Ba sai kowa ya zama ita kafin a tambaye shi ra'ayinsa ba. Ka fuskance shi ka yi maganarka, mai fassara ya isar.

Rabon kayan tallafi kuwa, sanarwa da lasifika a kan mota sannan turereniya a layi, wannan tsarin cire su yake tun daga farko. Mai unguwa da limami da fasto su riƙe sunaye a kai musu har gida. Ba alfarma ba ce ma, dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a layi su ake fara ba, ta kuma yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani ko ma'aikata naira miliyan ɗaya. Akwai hukumar masu nakasa ta ƙasa a Abuja tun 2020 da ke karɓar ƙorafi, in za ku kai ku rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa tun ba ku manta ba.