Kafin a ɗora walda a tsohuwar mota

Jama'a, masu tsohuwar Golf 3 ko Fijo 504, kar ku yarda a yi muku walda a kan tsatsa. Ƙarfen da tsatsa ta cinye ba ya riƙe wuta, ƙara hujewa yake. Ku ɗaga kafet, ku caccaka sukundireba a gindin ƙofa da ramin safaya taya. Duk inda ya ɓurma, a yanke da giranda har a tarar da ƙarfe mai sheƙi, sannan a jona sabon falle. Motoci 'yan Beljiyam sun fi fama da wannan ciwon, saboda gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara. Tawa motar, filla (ƙullun da ake cike ramin jikin mota da shi) kawai aka shafe ta da shi, damina ɗaya fentin ya kumbura. Kafin a fara walda, a cire kan batir tukuna, a kuma kiyayi tankin mai.